Malamin da Sai Ya Rufe Littafi Ake Gane Shi

Ruwa aka kwana ana yi a Ramsau, wani ƙauye a kudancin Jamus, gari ya waye kuma bai ɗauke ba. Na tsaya bakin taga ina duban inda aka ce mini akwai tsauni, ban ga komai ba sai gajimaren da ya sauko har kan rufin gidaje. 'Yar yayata, wadda ita ta jawo ni wannan tafiya, ko a jikinta. Tana zaune tana goge gilashin kyamara da wani ɗan ƙyalle.

"Kawu, yau dai sai haƙuri," in ji ta. "Abin da muka zo nema ba ya fita sai da rana."

Ilimin ƙwari take karantawa a wata jami'a a Jamus. Ziyara na kai mata a ƙarshen watan Yuli, sai na tarar ta riga ta ɗaure jaka za ta tsauni kallon malam-buɗe-littafi, ta ce in bi ta. Muka hau jirgin ƙasa daga Munich, muka sauya wani a Freilassing, muka sauka Berchtesgaden, can ƙuryar kudu maso gabashin jihar Bavariya inda Ostiriya ta kusa kewaye wurin, sannan muka shiga bas zuwa Ramsau. Duk tsawon hanyar nan ni na ɗauka wani ƙasaitaccen abu za mu gani, mai shuɗi da ja da ɗorawa, irin wanda ake sakawa a kalanda. Da daddare ta nuna mini hotonsa a waya. Wani ɗan abu ne ruwan ƙasa mai duhu, kamar an babbake shi, da ratsin jan ƙasa kusa da bakin fukafukai, da 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a cikin ratsin. Faɗinsa duka, in ya buɗe, bai fi santimita 4 da 'yan kai ba.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Kawu. Ko kuma ɗan'uwansa. A hoton nan ni ma ba zan rantse ba."

Wannan amsa ita ta fara kama ni. Yarinyar da ta shekara uku tana karatun abu, a ce ta kasa rantsewa a kan hoto tangararan?

Washegari sararin sama ya wanke tas. Muka fara tafiya daga bakin tafkin Hintersee, wanda tsawonsa daga teku ya kusa mita 800, muka shiga kwarin Klausbachtal. Kwarin yana cikin gandun ƙasa na Berchtesgaden, wanda aka kafa a 1978, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 210, kuma shi kaɗai ne irinsa da Jamus ke da shi a tsaunukan Alps. Ba a barin motocin mutane su shiga. Ko dai ka hau bas ɗin da ke zirga-zirga a kwarin, ko ka taka sayyada. Ta ce mai bas ba ya tsaya wa ƙwaro, don haka ƙafa za mu yi. Ta hagunmu tsaunin Hochkalter, ta dama wasu duwatsu farare masu tsini kamar haƙoran zarto. Can gaba kaɗan muka iske cincirindon mutane da madubin hangen nesa, kowa ya ɗaga kai sama. Tun 2021 ake sakin wata irin babbar ungulu mai gemu a wannan kwari, wadda aka daɗe da ƙarar da ita a yankin, su kuma ita suka zo gani. Muka ratsa ta tsakiyarsu kawunanmu a sunkuye, muna leƙen ciyawa kamar waɗanda suka yar da allura.

Wajen ƙarfe goma, da rana ta fara dukan gefen hanya, na farko ya bayyana. Ba ya tashi sama sosai. Tsalle-tsalle yake yi a iska, ya hau ya sauka, daidai gwiwa zuwa ƙugu, yana bin bakin daji inda inuwar itatuwa masu ganyen allura ta haɗu da hasken fili. Ya sauka kan wani fure mai launin shunayya-shunayya, ya baje fukafukai.

Da Hausa sunansa ma roƙo ne: malam, buɗe littafi. To ga malam ya buɗe, har ya bar shi a buɗe. Na yi murna, na ce mata ga shi nan, karanta. Sai ta girgiza kai.

"Ni so nake ya rufe, Kawu. Abin da nake nema a bangon littafin yake."

A nan tsaye ta warware mini matsalar. Dangin nan gaba ɗaya Erebia ake ce musu a ilimance. Sun kusa iri 100 a duniya, fiye da 20 daga ciki suna Alps, kuma kusan dukkansu rini ɗaya aka yi musu: duhu, jan ratsi, ɗigon ido. A dajin da muke tsaye, a wannan wata, uku ne ke rikita mutum. Akwai Erebia ligea, wanda masanin halittu Linnaeus na Suwidin ya raɗa wa suna a 1758. Akwai Erebia euryale, wanda wani Bajamushe, Esper, ya bayyana a 1805, shi ne kuma wanda ta zo dominsa. Jamusawa ma kalmar Bergwald, wato dajin tsauni, suka saka a cikin sunansa. Na ukun Erebia aethiops, wanda yakan ɗan yi jinkirin fitowa sai Agusta ta kama.

Na ukun nan bai da wahalar cirewa. Ta ce in dubi gezar fiffike, wato 'yan gashin da suka zagaye bakinsa. A ligea da euryale gezar fari da baƙi ce bi da bi, fes, kamar an yi mata ɗinkin ado. Ta aethiops kuwa dishi-dishi ce, kuma a ƙasan fiffikensa na baya akwai faffaɗan ratsi mai ruwan toka. Wanda ke gabanmu gezarsa fari da baƙi ce. Saura biyu ke nan, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ligea ya ɗan fi girma, ya fi son ƙasa-ƙasa, ɗigon idanunsa galibi da farar ƙwaya a tsakiya. In ya rufe fukafukai, za ka ga farin zane mai kaifi a ƙasan fiffiken baya, ya taso daga gefen gaba ya gangaro, kamar an ɗiga madara ta zirara. Euryale ya fi ƙanƙanta, ya fi son sama, daga wajen mita 1,000 har inda itatuwa ke ƙarewa. A wannan ɓangare na arewacin Alps ɗigon idanunsa ƙanana ne, sau da yawa makafi, ba farar ƙwaya. Namijinsa in ya rufe, farin zanen nan ko dai babu, ko ɗan ɓurɓushi. Macen kuwa ratsi ne da ita mai faɗi, fari-fari ko rawaya-rawaya, kamar an barbaɗa gari. Sai wata alama ta ƙarshe da masu abin suka fi yarda da ita: namijin ligea yana da wani tabo mai duhu a tsakiyar fiffiken gaba, inda ƙananan ɓawo masu fitar da ƙamshin jan hankalin mace suka taru, namijin euryale kuwa ba shi da shi. Sai dai tabon ba ya ganuwa sosai sai an riƙe ƙwaron an haska shi da rana, ga shi a gandun nan ba a kama ko ƙuda sai da takardar izini. Ragarta ta kama ƙwari ma a gida ta baro ta.

"To girman fa?" na ce. "Ai ido ba mudu ba, ya san kima."

"In suna jere, Kawu. Amma wa zai jera maka su?"

Haka muka tsaya muna jiran malam ya rufe littafi. Na matsa don in taya ta gani, inuwata ta faɗa kansa, ya tashi ya shige daji. Ba ta ce komai ba, amma kallon da ta yi mini irin na uwarta ne sak. Daga nan na koyi ladabin wurin: rana ta kasance a gabanka ko a gefenka, ka durƙusa tun daga nesa, ka matsa a hankali ba tare da ka yi wani motsi na farat ɗaya ba. Mutum mai shekaruna yana rarrafe a gefen hanya, masu wucewa suna gaishe shi da Jamusanci cikin ladabi kamar ba su ga komai ba. Na biyu da muka samu ya yi mana kirki. Ya rufe na ɗan daƙiƙu, farin zanen ya fito ɓaro-ɓaro. Ligea. Ta rubuta a ɗan littafinta, da lokaci, da tsawon wurin.

Muka ci gaba da hawa. Muka tsallaka wata gadar igiya mai tsawon mita 55, wadda aka gina a 2010. A 1999 wani ɓangaren dutse ya ɓallo daga tsaunin da ke sama ya rufto cikin kwarin, har yanzu ana ganin farin tabon inda ya ɓalle. Gadar tana lilo, ni kuwa ban dubi ƙasa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matattun itatuwa da aka bari a tsaye, wasu a kwance suna ruɓewa. Na ce wannan ai sakaci ne. Ta ce da gangan ne: a tsakiyar gandun ba a taɓa abin da iska ko ƙwaron ɓawon itace ya kashe. Kuma inda itace ya faɗi, rana takan samu ƙofa, ciyawa ta tsiro, fure ya biyo. Irin waɗannan 'yan sarari na cikin daji su ne gidan abin da muke nema. Daji in ya rufe ruf, ba ya zama. Fili in ya zama fetal, shanu sun aske shi, nan ma ba ya zama.

Wata magana da ban so in tsallake: sunan da Jamusawa suka daɗe suna kiran dangin nan da shi, Mohrenfalter, daga tsohuwar kalmarsu ta baƙar fata aka samo shi, aethiops ɗin ma daga kalmar Girkanci mai wannan ma'ana ya fito. Na tambaye ta ko abin ba ya sosa mata rai a aji. Ta yi dariya ta ce akwai masu amfani da wani sunan, Schwärzling, wato ɗan baƙi kawai, ita dai sunan ilimi take kira ta huta. Shi Erebia daga Erebos ne, duhu a tatsuniyoyin Girkawa. Ni dai na ce duk wanda ya ga baƙin abu a tsauni ya rasa abin da zai tuna sai fatar mutane, tunaninsa bai yi nisa ba.

Baƙin kuwa da amfaninsa. Muna dab da makiyayar Bindalm, sama da mita 1,100, wurin ya cika da su, goma, ashirin, suna ta tsalle a kan furanni masu ruwan ɗorawa. Sai wani guntun gajimare ya tare rana. Kafin in ƙirga goma babu ko ɗaya a iska, kamar an yi ruwa an ɗauke. Duk sun faɗa cikin ciyawa. Jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa, zafin rana suke ara, kuma duhun fiffike shi ke sa su sha zafin da sauri a wurin da safiya ke da sanyi ko a tsakiyar Yuli. Gajimaren ya wuce, suka taso ɗaya bayan ɗaya.

Muka zauna a gefen daji, ƙararrawar shanu tana ta kaɗawa daga nesa. Gwiwoyina suna ta ƙorafi. Na tsinki wani dogon ganyen ciyawa ina wasa da shi, sai ta ce, "Kawu, ka san a kan ɗakin renonsu kake zaune?"

Ashe abin da muke bi da kyamara ƙarshen labari ne. Mai fiffiken nan 'yan makonni kawai yake yi, in ya yi sa'a. Wanda duk muke gani yau, tun bara waccan aka yi ƙwansa. Macen takan manna ƙwai ɗaya-ɗaya a jikin busasshiyar ciyawa kusa da ƙasa, a ƙarshen lokacin zafi. Ɗan ƙwai fari-fari mai siffar ganga, da zane-zane a tsaye, bai fi kan allura ba. Tsutsa takan gama haɗuwa a ciki, amma ba ta gaggawar fita. A nan take cin hunturun farko, dusar ƙanƙara ta binne ta wata da watanni. Ni na ɗauka dusar ce abokiyar gaba. Ta ce a'a, bargo ce: ƙarƙashinta sanyi ba ya sauka ƙasa sosai kamar a sararin da iska ke kaɗawa, shi ya sa shekarar da dusa ta yi ƙaranci ta fi zama haɗari gare su.

Dusa na narkewa, tsutsar ta fito ta kama cin ciyawa. Ba ta da tsirfa, nau'o'in ciyawar daji da dama duk tana ci. Launinta na busasshen kara, da baƙin layi a gadon baya, da 'yan tsinaye biyu a wutsiya. Da rana tana lafe a gindin ciyawa saboda tsuntsaye, da dare take hawowa ta ci. Fatarta ba ta girma tare da ita, don haka in ta matse ta sai ta yi saɓa kamar maciji. Amma lokacin zafi a tsauni gajere ne, ciyawa kuma ba abinci ne mai saurin gina jiki ba. Kafin ta ƙosa sanyi ya dawo. Sai ta sake shigewa gindin ciyawa ta ci hunturu na biyu, ba ci ba motsi. Shekara ta zagayo, ta farka, ta ƙarasa girma, sannan ta kwanta a ƙasa tsakanin saiwoyi da gansakuka, ba tare da ta saƙa wa kanta wani gida ba, fatarta ta zama kwanso. Cikin kwanson nan, a mako biyu zuwa uku, jikin tsutsa ke narkewa a sake ƙera shi: fukafukai, dogayen ƙafafu, idanu, da bakin tsotso maimakon na tauna.

Shekara biyu a gindin ciyawa, mako biyu ko uku a iska. Na yi shiru ina lissafi. Ta ce wannan lissafin ne ma ya sa a wasu tsaunuka za ka zo bana ka tarar da su kamar ka ɗiba da hannu, ka dawo baɗi ka ga ƙalilan, domin zuriyar shekara ɗaya ta fi ta ɗayar yawa, kuma ba sa haɗuwa balle su cakuɗa. Wace shekara ce mai yawan, wannan ya danganta da tsaunin.

Na tambaye ta yadda aka yi abin da ba ya tashi sama da ƙugun mutum ya samu kansa a tsaunukan Turai na Pyrenees, da Alps, da Carpathians, alhali babu shi a filayen da ke tsakani. Ta ce ba tashi ya yi ya je ba, ruwa ne ya ƙare wa ɗan kada. A zamanin ƙanƙara, da Turai ke da sanyi ko'ina, yana warwatse a ƙasa. Da duniya ta ɗumama, shekaru fiye da 11,000 da suka wuce, sai ya bi sanyi ya hau tsauni, kowane rukuni ya maƙale a nasa kamar tsibiri. Shi ya sa kamanninsu suka ɗan saɓa. Na nan arewa isarica ake ce masa. Na yammacin Alps, adyte, idanunsa da farar ƙwaya. Na Dolomites a Italiya, ocellaris, jan ratsin nasa ya tsuke ya koma 'yan zobba kewaye da ɗigo. Wato alamar makahon ido da na gama haddacewa da safe, in na tsallaka wasu kwaruruka ba ta da aiki. Kama da wane ba ta wane, ashe har a cikin gida ɗaya.

Ina cikin wannan jimami na ji wani abu yana taɓa bayan hannuna na dama.

"Kada ka motsa, Kawu."

Ya sauka ne daidai gindin babban yatsana, fukafukai a rufe. Gumin hawan tsauni ya jawo shi. Gishiri yake nema, abin da ruwan fure ba ya ba shi, shi ya sa ake ganin mazansu a kan laka da kashin dabbobi. Ban ji daɗin jerin da aka saka ni a ciki ba, amma ban motsa ba. Na ga bakinsa, wani siririn zare a nannaɗe kamar tabarma, ya warware shi yana dangwala fatata nan da can, da ɗan sanyi-sanyi. Na ƙirga ƙafafun da ya tsaya a kansu, huɗu. Na ce ba shida aka ce ƙwari ke da su ba? Ta ce biyun gaba suna nan, ƙanana, a naɗe a ƙirji, haka duk danginsa suke. Kuma da ƙafa yake ɗanɗano, tun saukarsa ya san abin da ya taka. Jikinsa duk gashi ne, baƙi, kamar ya sa rigar sanyi. Gezar fari da baƙi, ta ɗan cinye a gefe ɗaya. Bangon littafin kuwa ruwan ƙasa mai ja-ja, babu zirin madara, sai wani ɗan farin tsinin da sai ka ƙura ido za ka gan shi. Can ya buɗe sau ɗaya, a hankali: ɗigo uku ƙanana a fiffiken gaba, duk makafi.

Na ce, murya ƙasa-ƙasa don kada numfashina ya kore shi, "Euryale. Namiji."

"Ka ci jarrabawa," in ji ta, tana ta danna kyamara.

Ya kai minti biyar a hannuna. Hannun ya yi tsami, wani ƙuda ya dame ni a kunne, ban kore shi ba.

Da la'asar, mun juyo ke nan ba mu ƙarasa mashigin Hirschbichl ba, inda iyakar Ostiriya take a mita 1,183, saboda na ce ƙafata ta yi iyakarta ko da ƙasar Jamus ba ta yi ba, sai ta riƙe mini hannun riga. Wata mace ce, ratsinta mai rawaya-rawaya a fili, amma ba fure take bi ba. Ta sauka a ciyawa ta dinga kutsawa ƙasa da ƙafa, tana taɓa wannan kara ta bar shi, ta taɓa wancan. Ta tsaya a kan wani busasshe, ta lanƙwasa cikinta ta ƙasa, ta ɗan jima, ta tashi. Muka durƙusa mu biyu. Sai da aka ba ni madubin ƙara girma na gan shi: ƙwai ɗaya tal, fari, a manne a karan da ko akuya ba za ta kalla ba.

A bas ɗin komawa ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Cikin fiye da arba'in, shida kawai ta yarda ta sa wa cikakken suna, huɗu euryale, biyu ligea. Sauran ta rubuta musu Erebia, ta sa alamar tambaya. Na ce ai da yawansu ni na tabbata euryale ne. Ta ce to in rubuta a nawa littafin.

Sai ta koma kan hoton ƙwan, ta faɗaɗa shi da yatsu biyu har zane-zanensa suka fito.

"Wannan in ya yi rai, ba baɗi ba, baɗi waccan zai tashi. Shekarar da zan gama ke nan. Za ka dawo mu zo mu gan shi, Kawu?"

Na dubi takalmana da suka yi kaca-kaca da laka, na shafa gwiwa. Na ce in Allah ya kai mu zan zo, amma wannan karon bas zan hau har Bindalm, ita ta biyo ni a ƙafa.